Yadda Ake Kwaikwayon Damejin Mangwaro a Kwamfuta: Jagora Daga Wuƙa Zuwa Allon Na'ura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar 'Yan Lemo ta Kano ana sauke mangwaro, a tsakiyar zafin Afrilu, ya san warin nan mai zaƙi-zaƙi da ke tashi daga gefen da ake zubar da dameji. Wanda ya fashe a fili kowa ya gan shi, tun a bakin mota ake ware shi. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wanda ya sauka lafiya lau, ɓawonsa sumul, mai tebur ya saya da 'yan kuɗinsa, bayan kwana biyu a yanka a tarar tsokar ta yi duhu ta yi laushi kamar an dafa. Bugun da ya jawo haka ya auku tun a gindin bishiya, ko wajen lodi, ko a wani rami a kan hanya, cikin lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Babu wanda ya gani, shi ya sa babu wanda ya san inda za a gyara.

Kwamfuta na iya nuna mana abin da ya faru a cikin tsokar a wannan ɗan taƙin lokaci. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗalibin injiniyan aikin gona ko kimiyyar abinci da ke neman aikin bincike mai amfani, da duk wanda ke da laftof da haƙuri. Na ɗauki mangwaro saboda shi ne a hannunmu. Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan: rabin wannan aiki da wuƙa da sikeli ake yin sa, kuma wannan rabin shi ke yanke hukunci a kan ɗayan.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin ɓawo

Tsokar ɗan itace tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ce, kowacce cike da ruwa kamar balan-balan. Idan matsi ya wuce abin da bangonsu zai iya ɗauka sai su fashe, sinadaran da ke rabe a da su gauraya da juna da iska, launin wurin ya juya. Abin da kake gani kenan idan ka yanka dankali ka bar shi. Raunin kuma yana sa ɗan itacen ya ƙara fitar da iskar etilin mai gaggauta nuna, sannan ya buɗe wa ruɓa ƙofa.

Me ya sa tabon ke ɓuya a ciki? Bajamushe Heinrich Hertz ya yi lissafin abin da ke faruwa idan abubuwa biyu masu lanƙwasa suka danni juna tun 1882, kuma daga lissafinsa aka gane cewa matsin da ke goce tsoka ya fi tsanani a can ƙasa da fatar abin, a zurfin da ya kai kusan rubu'in faɗin da'irar da suka haɗu. Ɓawo na iya tsira alhali na ƙarƙashinsa ya mutu.

Dameji iri uku ne suka fi yawa: na bugu, idan ya faɗo ko aka wurga shi, na danniya, idan aka jibga masa kaya, da na jijjiga, wanda gargadar hanya ke yi a hankali. Hanyoyin kwaikwayo kuma biyu ne. Ta farko ita ce FEM, inda ake yanyanka siffar abu zuwa dubban ƙananan gutsattsari a lissafa abin da ke samun kowanne. Injiniyoyin jirgin sama ne suka raine ta a shekarun 1950, Ray Clough ya raɗa mata suna a 1960. Ita ke leƙa cikin mangwaro guda. Ta biyu ita ce DEM, wadda Peter Cundall ya ƙirƙiro a shekarun 1970 domin duwatsu da yashi, tana bin motsin abubuwa da yawa masu gogar juna. Ita ke kallon kwando ko mota cike. Masu bincike a jami'ar Leuven ta Beljiyam sun yi amfani da ita a kan tuffa a cikin mota, an buga aikinsu a 2006. A Afirka ta Kudu kuma, ƙungiyar Farfesa Umezuruike Linus Opara, haifaffen Najeriya, a jami'ar Stellenbosch, ta daɗe tana aiki a kan raunin 'ya'yan itace da ƙarfin kwalayen da ake zuba su. Da FEM za mu fara.

Mataki na 1: Tsayar da tambaya guda

"Zan kwaikwayi damejin mangwaro" ba tambaya ba ce. Tambaya ita ce: daga wane tsayi ƙosasshen mangwaro zai faɗo a kan siminti kafin ya yi tabo? Shimfiɗar soso mai kaurin santimita 2 za ta ƙara wannan tsayi da nawa? Ka je inda ake tsinka ko lodi da tef ɗin awo, ka auna tsayin da 'yan dako ke sakin kaya da gaske, ka ga abin da yake faɗa wa, ƙasa ce, katako ne, ƙarfen mota ne, ko ɗan'uwansa mangwaro. Waɗannan su ne yanayin da za ka kwaikwaya.

Mataki na 2: Zaɓi 'ya'yan itacen, ka auna su

Iri ɗaya, gona ɗaya, rana ɗaya. Binta Suga daban, Paparanda daban, Julie daban. Kauri da zare da girman ƙwallonsu ba ɗaya ba ne, kada ka haɗa su. A tsinko da hannu a ajiye a hankali, domin wanda aka kaɗo da sanda ya riga ya bugu kafin ka taɓa shi. Ka nemi kamar sittin, ka raba gida uku: ƙosasshe da bai nuna ba, mai shirin nuna, da nunanne.

Kowanne ka sa masa lamba, ka auna nauyinsa, tsawonsa, faɗinsa da kaurinsa. Girman jikinsa kuma ka tsoma shi a ruwa ka auna ruwan da ya ture. Nauyi a raba da wannan girma shi ne cikarsa, kuma za ka same ta kusa da ta ruwa, wato wajen kilogiram 1000 a kowace mita mai kusurwa uku. Ka rubuta zafin ɗakin kullum. Kada ka sa su a firji mai sanyi sosai, mangwaro yana jin ciwo idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 12 zuwa 13, kuma wannan ciwo zai ruɗa ka da tabon bugu.

Mataki na 3: Shigar da siffarsa cikin kwamfuta

Hanya mafi sauƙi ita ce ka zana shi kamar ƙwai da tsawo, faɗi da kaurin da ka auna, a manhajar zane ta FreeCAD. Don koyo ta isa. Amma lanƙwasar wurin da ya bugu ita ce ke ƙayyade faɗin inda nauyin zai sauka, saboda haka siffar gaskiya ta fi.

Da wayarka za ka same ta. Ka soke mangwaro a kan tsinke, ka ɗiɗɗiga masa tawada ko'ina domin manhaja ta sami abin kamawa, tunda ɓawo mai sheƙi yana rikita ta. A inuwa, ka zagaye shi da hoto kamar sittin zuwa tamanin, daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa. Manhajar Meshroom kyauta ce, za ta haɗa hotunan ta fitar da siffa, sai dai tana son kwamfuta mai katin hoto na Nvidia. Ka goge kurajen siffar a MeshLab ko Blender, ka daidaita girmanta da tsawon da ka auna da hannu. Daga nan ka yanka mangwaron, ka wanke ƙwallon, ka busar, ka yi masa irin wannan hoton, ka auna kaurin tsokar da ke tsakaninsa da ɓawo ta kowane gefe domin ka zaunar da shi daidai. Kada ka yar da ƙwallon a wannan aiki. Shi ne maƙerar da ake daka tsoka a kanta, kuma inda tsokar ta fi siranta a kansa nan ne matsi zai fi taruwa.

A ƙarshe kana da sassa uku a manne: ɓawo, tsoka, ƙwallo.

Mataki na 4: Auna halin tsokar

Nan ne aikin yake, nan ne kuma na ga ɗalibai sun fi yin ha'inci ga kansu. Mutum zai kwafo lambobin tuffa daga wata takardar Turai ya zuba wa mangwaro, ya sami hoto mai launi, ya ɗauka ya gama. Tsokar mangwaro tana sauya tauri ninki-ba-ninki cikin 'yan kwanaki idan ta fara nuna. Lambar da aka auna ranar Litinin ba ta aiki ranar Juma'a, balle ta wani ɗan itace a wata nahiya.

Abu huɗu manhaja za ta tambaye ka ga kowane sashe: cika, wadda ka riga ka auna, tauri, wanda ake kira ma'aunin Young, ma'aunin Poisson, wato yadda abu ke buɗewa ta gefe idan an danna shi, da iyakar matsin da tsoka ke karyewa.

Ga yadda ake samun tauri da iyaka. Ka huda tsokar da bututun ƙarfe mai kaifin baki, ka fitar da gunduwa mai faɗin milimita 15, ka datse ta tsawon milimita 15, sama da ƙasa a shafe. Ka danna ta a hankali a injin gwajin ƙarfi, irin wanda ake samu a sashen injiniya ko kimiyyar abinci na manyan jami'o'i, yana rubuta ƙarfi da lotsawa. Matsi shi ne ƙarfi a raba da faɗin fuskar gunduwar, wanda a nan milimita murabba'i 177 ne. Lotsawa kuma a raba ta da tsawon asali. A ce, don misali kawai, niyuton 10 ya lotsa ta milimita 0.75: matsi ya zama megafaskal 0.057 (megafaskal ɗaya shi ne niyuton ɗaya a kan kowace milimita murabba'i), lotsawa 0.05, tauri kuma, wato matsi a raba da lotsawa, kusan megafaskal 1.1. Ka ci gaba da dannawa, za ka ga layin da ke hawa ya yi ɗan tuntuɓe ko ya kwanta. Wannan tuntuɓen shi ne lokacin da ƙwayoyin suka fara fashewa, matsin da ke wurin shi ne iyakarka. Ka maimaita aƙalla sau goma ga kowane matakin nuna, ka riƙe matsakaici da tazarar da ke tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma. Ƙungiyar injiniyoyin aikin gona ta Amurka, ASABE, tana da ƙa'ida mai lamba S368 a kan danna abinci mai lanƙwasa. Ka neme ta ka bi, domin wani ya iya kwatanta sakamakonka da nasa.

Idan babu inji fa? Kada ka ajiye aikin. Sikelin kicin na lantarki mai ɗaukar kilo 5, da matsi mai noti irin na kafinta, da ma'aunin kauri na makanikai, za su ba ka lambobi masu ma'ana. Ka ɗora gunduwar a kan sikeli, ka juya notin rubu'in zagaye, ka karanta nan take, ka sake juyawa. Kilo ɗaya a sikeli niyuton 9.81 ne. Za ka lura lambar tana zamewa ƙasa da kanta bayan ka daina juyawa. Wannan ba lalacewar sikeli ba ce, tsokar ce ke saki a hankali, domin halinta tsakanin roba da ƙullu yake. Ka sa agogo ka rubuta yadda take saukowa cikin minti biyu. Manhajoji suna karɓar wannan a matsayin jerin Prony, kuma za ka buƙace shi ranar da ka koma kan danniyar kwando, inda nauyi ke zaune kwana da kwanaki. Wannan hali yana da wata ma'ana: tsokar da aka buga da sauri ta fi nuna tauri a kan wadda aka danna a hankali. Saboda haka taurin da ka auna mafari ne, za mu gyara shi a mataki na 8.

Ɓawo jan sa ake yi: ka fere siririn zare mai faɗin milimita 10, ka kankare tsokar da ta maƙale, ka ja har ya tsinke. Ƙwallo ya fi tsoka tauri nesa ba kusa ba, kana iya ce wa manhaja ba ya lotsawa sam. Ma'aunin Poisson yana da wuyar aunawa. Masu bincike kan sa wa tsokar 'ya'yan itace tsakanin 0.3 da 0.49. Ka gwada 0.35 da 0.45 ka ga ko amsarka ta motsa sosai, ka faɗa a rahotonka cewa zaɓa ka yi.

Mataki na 5: Saƙa raga

Raga ita ce yanyanka siffar zuwa gutsattsari. Manhajar Gmsh na yin ta kyauta, manyan manhajoji kuma suna da tasu. Ka ƙanƙanta idon ragar a inda zai bugu, ka bar shi da girma a can bayan ƙwallo inda babu abin da ke faruwa. Ka guji gutsattsari masu ɗigo huɗu kawai (ɗigo shi ne mahaɗar zaren ragar), suna ƙagewa idan ma'aunin Poisson ya kusanci 0.5 su nuna taurin ƙarya. Masu ɗigo goma ko masu siffar bulo sun fi.

Ka gudanar da gwaji ɗaya da ido milimita 4, sannan 3, sannan 2, har amsar ta daina sauyawa da fiye da kashi 5 cikin ɗari, ka tsaya nan. Ka sani raba ido biyu yana ninka gutsattsari sau takwas, yana kuma ninka matakan lokaci sau biyu, wato aikin minti goma ya koma kusan awa uku. Inda wuta ba ta da tabbas wannan lissafi ne da ya kamata a yi kafin a danna maɓalli.

Mataki na 6: Saita faɗuwar

Bugu abu ne na 'yan milisakan, saboda haka kana buƙatar manhaja mai lissafin motsi daki-daki. Manhajar Ansys na da sashen Explicit Dynamics da LS-DYNA, tana kuma ba ɗalibai kwafi kyauta mai iyaka. Abaqus ma na da na koyo, amma ɗigo 1000 kawai yake ɗauka, bai isa mangwaro ba. OpenRadioss, wadda kamfanin Altair ya sake kyauta a 2022, ba ta da irin wannan iyaka. Don danniya a hankali kuwa, CalculiX tare da PrePoMax ta isa, haka ma FEBio ta jami'ar Utah, wadda aka gina domin nama da tsoka masu laushi.

Kada ka sa kwamfuta ta bi mangwaro yana faɗowa daga sama, ɓata lokaci ne. Ka ajiye shi milimita ɗaya sama da ƙasa, ka ba shi gudun da zai iso da shi. Gudun shi ne tushen murabba'i na 2 sau 9.81 sau tsayi a mita. Daga santimita 20, mita 1.98 a sakan; daga 50, mita 3.13, daga mita ɗaya, 4.43. Kuzarin bugun kuma nauyi ne sau 9.81 sau tsayi: mangwaro mai giram 300 daga rabin mita yana sauka da jul 1.47. Siminti ko ƙarfe ka ce ba sa lotsawa, in ba haka ba lissafin zai yi ta rarrafe, domin sauti na ratsa ƙarfe da gudun kusan mita 5000 a sakan kuma manhaja na ƙanƙanta matakin lokacinta gwargwadon haka. Ka sa gogayya tsakanin ɓawo da ƙasa. Za ka same ta ta hanyar karkata faranti har mangwaron da ka tare daga gangarawa ya fara zamewa. Ka gudanar na milisakan 20, ka adana hoto aƙalla ɗari.

Yanzu ga ramin da ya taɓa cinye mini mako guda cur. Yawancin manhajojin nan ba su san mita ko milimita ba, lamba kawai suke gani. Na zana mangwaro da milimita, na sa tauri da megafaskal, sannan na rubuta cika 1000. A wajen kwamfuta na ba ta ɗan itacen da ya fi dutsen Dala nauyi, ya bi ta cikin siminti kamar ruwa, ni kuma ina ta zargin raga. Idan tsawo milimita ne, ƙarfi niyuton, matsi megafaskal, lokaci sakan, to dole nauyi ya zama tan: cikar ruwa 1.0e-9, jan ƙasa 9810, gudun rabin mita 3130. Kafin komai ka sa manhaja ta faɗa maka nauyin siffarka. Idan bai yi daidai da na sikeli ba, kada ka matsa.

Mataki na 7: Karanta abin da ya fito

Launin ja a allo ba dameji ba ne, yana nufin wurin da lamba ta fi girma ne kawai, ko da ba ta kai komai ba. Ka fara da lissafin kuzari: jimillarsa ta zauna daram daga farko zuwa ƙarshe, kuma kuzarin ƙarya da wasu gutsattsari ke haifarwa idan sun murɗe kada ya wuce kashi 5 zuwa 10 na wanda tsokar ta sha. Idan ya wuce, sakamakon na shara ne.

Sannan ka tsaga siffar ta tsakiyar wurin bugun, a manhajar ko a ParaView. Ka nuna matsin von Mises, wato lamba guda da ke taƙaita matsin da gutsure ke sha ta kowane gefe, ka sa iyakar launi daidai da iyakar da ka auna a mataki na 4. Duk gutsuren da ya taɓa haye wannan iyaka a kowane lokaci na bugun, ka lissafa shi a matsayin wanda ya mutu. Ka tara girmansu, shi ne girman tabon da kwamfuta ta hango. Ka fitar da ƙarfi mafi girma, tsawon lokacin haɗuwa, faɗin wurin haɗuwa, da gudun da ya yi tsalle da shi. Ka tuna ma'aunin von Mises don ƙarfe aka yi shi, aro muke yi. Ka duba matsin gocewa mafi girma shi ma, ka ga wanne ya fi kama da abin da wuƙa za ta nuna.

Mataki na 8: Koma wa wuƙa

Wanda ya tsallake wannan mataki zane ya yi. Ka ɗaure mangwaro da zare a tsayin da ka kwaikwaya, kuncin da kake so ya bugu yana kallon ƙasa, ka yanke zaren da almakashi domin kada hannu ya juya shi. Ka shimfiɗa farar takarda, ka shafa wa kuncin tawada, tambarin da zai bari shi ne faɗin haɗuwa. Ka ɗauki hotonsa da rula a gefe, manhajar ImageJ za ta auna maka. Ka jingina tef ɗin awo a baya, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Waya mai hoto 240 a sakan tana barin kusan milisakan 4 tsakanin hoto da hoto, ba za ta ga bugun kansa da kyau ba, amma za ta nuna tsayin tsallen, kuma manhajar Tracker na taimakawa wajen bin sa. Ka cafe shi kafin ya sake bugawa. Tazarar da ke tsakanin tsayin faɗowa da na tsalle, sau nauyi sau 9.81, ita ce kusan kuzarin da tsokar ta shanye.

Ka zagaye wurin da biro, ka ajiye shi a ɗaki aƙalla awa 24. Ɗanye ka ba shi kwanaki, wani lokaci tabonsa ba ya bayyana sai ya nuna. Ka ajiye wasu da ba ka yar ba a gefe guda domin kwatance. Sannan ka fere ɓawon wurin, ka auna faɗin tabon ta tsawo da ta gicciye, ka tsaga ta tsakiya ka auna zurfi. Girman tabo: ka ninka faɗin biyu da juna sau 3, ka ƙara zurfi sau kansa sau 4, ka ninka jimillar da zurfi sau 3.14, ka raba da 24. Tabo mai 30 da 24 da zurfin milimita 8 zai ba ka kusan milimita 2530 masu kusurwa uku.

Ga ƙa'idar da ba na sassautawa a kanta. Ka yi amfani da tsayi ɗaya kawai, a ce santimita 50, wajen gyara tauri da shanyewar kuzari har tsalle da faɗin tambari su dace da na gaske. Daga nan ka kulle lambobin. Ka sa kwamfuta ta hango na santimita 20 da na mita ɗaya, ka rubuta a takarda, sannan ka je ka yar da mangwaro ka yanka. Idan hasashen ya faɗa cikin tazarar da 'ya'yan itacen kansu ke bambanta da juna, kana da abin dogaro. Idan bai faɗa ba, ka fara zargin iyakar karyewa, sannan zaman ƙwallo, sannan lanƙwasar kuncin. Kuma ka rubuta gazawar a rahotonka, wanda zai zo bayanka yana buƙatarta.

Mataki na 9: Yanzu ka yi tambayoyin da gona ba za ta iya biya ba

Da siffa ta tabbata, gwaji ya zama araha. Ka sauya siminti da katako, da kwali, da soso, bayan ka auna taurin kowanne kamar yadda ka yi wa tsoka. Ka juya shi ya faɗi ta hanci, ta wajen kara, ta gefe. Ka sa mangwaro ya faɗa wa mangwaro, ɗanye a kan nunanne, ka ga wanda ke shan wuya. Ka nemi tsayin da tabo ke farawa ga kowane matakin nuna, wannan ita ce lambar da ta fi kowacce amfani.

Hanyar ɗaya ce ga sauran 'ya'yan itace, sai dai kowanne da inda yake jin ciwo. Gwanda na da rami a ciki, dole a zana shi. Ayaba ɓawonta ke baƙi, kuma wuyanta ke karyewa idan nono ya motsa. Kankana na iya tsagewa a ciki ɓawo bai nuna ba. Fiya tana da ƙwallo kamar mangwaro, ita ma tabonta ɓuya yake yi.

Idan ka kai ga kwando da mota

A nan DEM ke shigowa, da manhaja kyauta irin su LIGGGHTS ko YADE. Ana gina kowane mangwaro da ƙwallaye uku ko huɗu a manne, a ba su tsalle da gogayyar da ka riga ka auna, a zuba su a kwando ko kiret na kwamfuta. Jijjigar kuma ka ɗauko ta gaske: ka ɗaure tsohuwar waya tamau a daɓen motar kaya, da manhajar phyphox ta jami'ar Aachen a buɗe, ta rubuta girgizar hanya. Ka nemi izinin direba, ka ɗaure ta ta baya kusa da taya, ka yi wata tafiyar kuma da ita a gaba.

Lissafin kai zai ce mangwaro goma a jere, kowanne giram 300, suna ɗora wa na ƙasa kusan niyuton 26, kuma rami mai ƙarfi na iya ninka shi. DEM za ta nuna maka cewa nauyin ba ya rabuwa daidai, yana bin wasu jijiyoyi ne, 'yan ƙalilan su ɗauki kaya mai yawa, maƙwabtansu suna hutawa. Za ta kuma nuna na saman suna tashi suna saukowa duk lokacin da girgiza ta fi jan ƙasa ƙarfi. Ka kwashi ƙarfin da ya fi girma ka kai wa siffarka ta FEM, ta gaya maka ko ya isa yin tabo. Da haka za ka iya kwatanta kwando mai tsukakken gindi, wanda idan an ɗora wani a kansa kayan ciki ke ɗaukar nauyin, da kiret ɗin roba da bangonsa ke ɗauka. Muhawarar nan ta daɗe tsakanin masu kai tumatir daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1000, kuma cibiyoyin bincike irin su NSPRI ta Ilori, mai kula da adana amfanin gona, da NIHORT ta Ibadan, mai kula da kayan lambu da 'ya'yan itace, ne wuraren da ya dace ka tuntuɓa da sakamakonka.

Dillali ba zai karanta megafaskal ba. Ka mayar masa da amsar zuwa abin da ɗan dako zai gani da ido: kada a saki kaya daga sama da gwiwa, ko jeri kaza ne iyaka, ko shimfiɗa mai kaurin yatsu biyu, gwargwadon abin da lambobinka suka bayar. Sannan ka roƙe shi kwando biyu a mota ɗaya, guda a loda yadda aka saba, guda yadda ka ce, ka sa musu alama. Ka tare su a inda za a sauke, ka saya ashirin daga kowanne, sama da tsakiya da ƙasa, ka ajiye kwana biyu, ka yanka a gabansa.